Talotalo da Darasin Tsuntsaye a Makarantun Wudil

Talotalo shi ne mafi girma a cikin tsuntsayen da ake kiwo a gidajen ƙasar Hausa, in an ɗebe jimina da ɗaiɗaikun masu hali ke ajiyewa. Namijinsa yana da kai da wuya marasa gashi, masu gudajin nama, da wata tsoka da ke saukowa daga goshi ta rufe baki, da baƙin gemu mai kauri da ke tsirowa a tsakiyar ƙirji. Idan ya so burge mace ko ya razana abokin gaba, sai ya kumbura jiki, ya saukar da fukafukai har su riƙa jan ƙasa, ya buɗe wutsiya ta tsaya kamar mafici, ya riƙa takawa a hankali yana huci. A garin Wudil da ƙauyukan da ke kewaye da shi ana ganinsa a wasu gidaje yana kiwo tare da kaji da zabi da agwagi, ana kuma kawo shi kasuwar Juma'a, musamman a ƙarshen shekara, lokacin da ake yawan nemansa saboda bukukuwan Kirsimeti. Duk inda ya buɗe wutsiyar nan, yara ne ke fara kewaye shi. Wannan sha'awa ta yara dukiya ce da makarantun firamare ke bari tana zubewa, alhali da ita za a iya koya wa ɗan shekara 5 ko 6 kusan duk abin da ya kamata ya fara sani game da halittar tsuntsu.

Asalin talotalo daga nesa yake. Tsuntsun daji ne na Arewacin Amurka, kuma mutanen ƙasar da ake kira Meziko a yau ne suka mai da shi na gida kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Turawan Sifen suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, daga nan ya bazu a duniya har ya iso Afirka ta Yamma. Agwagwar da aka fi kiwo a nan, mai jan nama a fuska, ita ma daga nahiyar Amurka ta fito. Kaza kuwa daga kudu maso gabashin Asiya take. A cikinsu duka zabo ne ɗan ƙasa, wanda har yanzu 'yan'uwansa na daji ke yawo a dazuzzukan Afirka. Ke nan tsakar gida ɗaya a Wudil tana iya tara tsuntsayen nahiyoyi uku a kan kaskon dusa ɗaya. Masana halittu sun sa talotalo da kaza da zabo da fakara da salwa da ɗawisu a rukuni guda, domin dukkansu tsuntsayen ƙasa ne masu nauyin jiki, masu ƙarfin ƙafa don tono, masu gajerun fukafukai. Yaron da ya san kaza ya riga ya san rabin talotalo. Abin da talotalo ya fi kaza da shi a wajen koyarwa shi ne girma: kowace gaɓa a jikinsa a fili take, yaro zai iya hango ta daga taku biyar ba tare da an kama tsuntsun ba.

Yadda ake koyar da darasin tsuntsaye a makarantu da yawa bai yi daidai da wannan arziki ba. Malami yakan rubuta jimla uku ko huɗu da Turanci a kan allo, cewa tsuntsu yana da gashi, yana da fukafukai biyu, yana yin ƙwai, yara su maimaita da ƙarfi har su haddace, a tashi. A wasu makarantun kuɗi kuma ana buga takardun zane da aka sauko da su daga intanet, galibi waɗanda aka shirya wa yaran Amurka. A can talotalo yana da matsayi na musamman, domin shi ne naman bikin godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, kuma a wannan lokaci yaransu kan ɗora tafin hannu a kan takarda su zagaye shi da fensir, babban yatsa ya zama kan talotalo, sauran yatsun su zama wutsiya. Wasa ne mai kyau a inda aka ƙirƙire shi, kuma yana da dalili, tun da yawancin yaran biranensu ba su taɓa ganin talotalo da rai ba. Yaron Wudil ba ya cikin wannan hali. Abin takaici ne a ce yaron da ya wuce talotalo a ƙofar maƙwabcinsu da safe ya zo aji a ba shi hoton wani talotalo mai hula da takalmi ya shafa wa launi, a kira wannan darasin kimiyya. Gani ya kori ji, kuma kimiyya tun farko da kallo take farawa.

Darasin da ya dace ya fara ne da tambayar abin da ya sa tsuntsu ya zama tsuntsu. Yara za su ce tashi sama, kuma amsa ce mai ma'ana, amma jemage yana tashi, fara tana tashi, jimina kuwa ba ta tashi. Za su ce ƙwai, amma ƙadangare da kada da kunkuru duk suna yi. Abu ɗaya ne babu wata halitta mai rai da ke da shi sai tsuntsu, wato irin gashin da ke jikinsa. Jemage, da yara da yawa ke ɗauka tsuntsu ne, gashinsa irin na ɓera ne, haihuwa yake yi, yana kuma shayar da ɗansa nono. A nan gashin talotalo yake da amfani ƙwarai, saboda tsawonsa da faɗinsa. Gashin fiffike ɗaya ya ishi yara biyar su duba. Yana da kara a tsakiya, mai rami daga gindi, sai zaruruwa da suka fito dama da hagu suna manne da juna. Idan yaro ya ja su a hankali za su rabu, idan ya shafa su da yatsa biyu daga gindi zuwa sama sai su sake haɗewa, domin kowane zare yana da ƙananan ƙugiyoyi da ido ba ya gani, masu kama na kusa da shi. Abin da tsuntsu ke yi ke nan idan ya zauna yana bin gashinsa da baki. Idan aka ɗiga ruwa a kan gashin, ɗigon zai gangara ya faɗi bai jiƙa shi ba. A gindin wutsiya akwai wani ɗan ƙullutu mai fitar da maiƙo, wanda tsuntsu ke laƙata da baki yana shafawa a jiki, kuma na agwagwa ya fi aiki, shi ya sa take fitowa daga ruwa a bushe.

Gashin ma ba iri ɗaya ba ne, kuma ya kamata a bar yara su rarraba shi da kansu a kan tabarma. Akwai dogaye masu tauri na fiffike da wutsiya, akwai gajeru masu rufe jiki, akwai kuma masu laushi na can ciki da ke riƙe ɗumi. Zafin jikin tsuntsu yana kaiwa digiri 40 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyas, ya ɗara na mutum, kuma wannan gashi mai laushi ne ke tsare shi. Shi ya sa kaji ke kumbura jiki da sanyin asubar hunturu. Da bazara kuma, tun da tsuntsu ba ya gumi, sai a ga talotalo ya buɗe baki yana haki, ya ɗan ɗaga fukafukai don iska ta shiga. Wutsiyar namijin talotalo yawanci gashi 18 ce, kuma ƙirga su a lokacin da ya buɗe ta darasin lissafi ne da babu yaron da zai yi hamma a cikinsa. Gashin tsuntsu da farcen mutum da ƙahon saniya duk daga sinadari ɗaya suke, wanda ake kira keratin, abin da ke ba yara mamaki idan aka ce su dubi farcensu su dubi karan gashin. Ga masu ɗan wayo, ana iya ƙara musu da tarihi: takalman gashin jimina da figini na Sarkin Kano ana danganta farkonsu da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Kan talotalo shi ne inda ya fi kowane tsuntsun gida ban sha'awa, kuma nan ya kamata malami ya daɗe. Idan tsuntsun yana kwance a inuwa hankalinsa kwance, tsokar goshinsa takan tsuke ta zama gajera, launin kan ya dusashe. Da zarar ya ga mace ko wani namiji, cikin ɗan lokaci sai tsokar ta miƙe ta sauko har ta wuce baki, gudajin wuya su cika su yi ja wur, saman kai ya yi fari, gefen ido ya yi shuɗi. Jini ne ke kwarara zuwa fatar yana komawa, kuma wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta nuna wa ƙaramin yaro cewa jini yana yawo a jiki, yana kuma amsa abin da rai ke ji. Bincike a kan talotalon daji ya nuna cewa mata sun fi karkata ga namijin da tsokarsa ta fi tsawo. Namiji ne kaɗai ke yin kukan nan mai gurgura da aka san talotalo da shi, kuma yana amsa duk wata ƙara mai kaifi, shi ya sa yara ke masa fito don ya tanka. Mace ƙaramin kuka take yi, jikinta bai kai nasa ba, adonta kaɗan ne. Haka abin yake tsakanin zakara da kaza, da tsakanin namijin ɗawisu da macensa, kuma akwai hikima a ciki, domin wadda za ta kwanta a kan ƙwai a ƙasa gara launinta ya saje da ciyawa.

Rashin gashi a kan talotalo yana warware wata tambaya da yara ke yawan yi, wato ko tsuntsu yana da kunne. A bayan idonsa, ɗan ƙasa kaɗan, akwai ƙaramin rami da ake gani sarai, kuma shi ne kunnen. A jikin tattabara ko kurciya gashi ya rufe shi. Idanun talotalo a gefen kai suke, ɗaya dama ɗaya hagu, don haka yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi ba tare da ya juya ba, kuma idan zai dubi sama sai ya karkata kai ya duba da ido ɗaya. Haka idon duk tsuntsun da ake farauta yake. Mujiya, da ita ce ke farautar wasu, idanunta a gaba suke, don ta auna nisan abin da za ta kama. Mai lura kuma zai ga wata siririyar fata tana giftawa a kan idon kaza daga gefe zuwa gefe, tana share ƙura ba tare da ta rufe gani gaba ɗaya ba.

Tsuntsu ba shi da haƙori, kuma wannan ma tambaya ce da ya fi kyau a bar yara su kwana da ita kafin a ba su amsa: da me talotalo ke tauna dawa? Amsar tana madafin kowane gida. Duk yarinyar da ta taɓa zama kusa da mahaifiyarta ana gyaran kaza ta ga an tsaga ƙundu, an zubar da abin da ke ciki, an ɓare wata fata mai tauri ruwan ɗorawa. A cikin abin da aka zubar akwai tsakuwa. Tsuntsu yana haɗiye tsaba ɗungurungum, ta fara taruwa a wata jaka da ke gindin wuya ta jiƙa, wadda ake iya taɓawa a ji ta cika idan kaza ta ƙoshi, daga baya ta isa ƙundu, inda tsoka mai ƙarfi ke murza ta da tsakuwar da tsuntsun ya tsinta da gangan. A wannan fanni yara mata sukan riga maza sani, kuma malamin da ya ce, "Wa ta taɓa ganin cikin ƙundu ta faɗa mana?" ya ba wadda ba ta cika magana a aji ba damar ta koyar da sauran. Daga nan sai a koma kan baki. Na talotalo gajere ne mai ƙarfi, na tsintar tsaba da ƙwari da tsinkar ganye. Na agwagwa mai faɗi ne, na tace ruwa da taɓo. Na shaho da shirwa lanƙwasasshe ne mai kaifi, na yagar nama. Na zalɓe dogo ne mai tsini, na cafke kifi. Na aku mai kauri ne, na fasa ƙwallo. Yaron da ya gane wannan zai iya duban bakin tsuntsun da bai taɓa gani ba ya faɗi abincinsa, kuma wannan ita ce kimiyya ta gaskiya, wato gano abin da ba a faɗa maka ba daga abin da ka gani.

Ƙafa ma haka take ba da labari. Talotalo yana da yatsu huɗu, uku a gaba ɗaya a baya, da farata masu kauri na tono, fatar ƙafar kuma ɓawo-ɓawo ce. Namiji yana da wata ƙaya a bayan ƙafa da yake faɗa da ita, irin ta zakara. Agwagwa tana da fata tsakanin yatsu don iyo, aku yana da yatsu biyu gaba biyu baya don riƙo, jimina kuwa yatsu biyu kacal gare ta, na gudu. Ba a bukatar kayan aiki don wannan darasi. A yayyafa ruwa a kan rairayi a harabar makaranta, a watsa tsaba, a bar kaza da agwagwa da talotalo su taka, yara su zo su tantance sawun kowa, su auna da kara, su zana a allo.

Maganar tashi ba ta bukatar tsawaitawa. Ƙashin fiffiken kaza da aka ci nama aka bari, idan aka karya shi, za a ga rami a ciki, kuma wannan rashin nauyi yana daga abin da ke taimaka wa tsuntsu ya tashi. Tsokar ƙirji, wadda ita ce tudun nama a jikin kaza, ita ke kaɗa fukafukai. Talotalon daji yana tashi da sauri na ɗan gajeren zango, a kan bishiya kuma yake kwana. Na gida irin na gargajiya yakan iya hawa katanga. Amma farin nan mai faɗin ƙirji da manyan gonaki ke kiwo don nama ya yi nauyin da ba ya iya tashi, ba ya ma iya barbara sai da taimakon mutum. Misali ne da zai amfani 'yan aji biyar da shida, na yadda zaɓen iri da ɗan Adam ke yi yake sauya halitta.

Ƙwai shi ne darasin da ke koya haƙuri. Na talotalo ya fi na kaza girma, yana da ɗige-ɗige ruwan ƙasa. Kaza tana kwanci kwana 21, talotalo kwana 28, zabuwa tsakanin 26 da 28, agwagwa mai jan fuska kusan 35, tattabara kuwa kimanin 18. Matan karkara sun daɗe da sanin wannan lissafi, tun da su ne ke sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe. Aji zai iya kafa kalanda a bango ranar da wata talotalo ta fara kwanci a gidan da ke kusa, kowace safiya yaro ɗaya ya ja layi, har ranar da za a ji labari. Ɗan talotalo yana fitowa da gashi, ido buɗe, cikin yini guda yana tafiya yana tsinta. Ɗan tattabara kuwa yana fitowa kusan tsirara, ido rufe, sai iyayensa biyu sun riƙa ɗura masa wani farin ruwa mai kauri da ke fitowa daga jakar wuyansu. Masu kiwo sun san 'ya'yan talotalo ba su da juriya: raɓa da sanyi suna kashe su, suna bukatar abinci mai gina jiki fiye da 'yan tsaki, shi ya sa ake nema musu gara da dafaffen ƙwai, ana kuma kife su da kwando saboda shirwa. Akwai kuma wata cutar hanta da kaji ke ɗauke da ita ba ta cika yi musu illa ba, amma tana hallaka talotalo, dalilin da ya sa likitocin dabbobi ke ba da shawarar a raba musu wurin kwana. Yaron da ya ji wannan a aji zai kai shi gida, kuma uwar da ke asarar 'ya'yan talotalo duk damina za ta amfana.

Talotalo ƙofa ce kawai, kuma Wudil tana da abin da ke bayan ƙofar fiye da yawancin garuruwa. Garin yana kimanin kilomita 40 daga Kano a kan hanyar Maiduguri, a bakin kogin da ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, wanda ke wucewa ya zama kogin Haɗeja. A fadamun bakin kogin akwai zalɓe da balbela da kirinjijiya. A Kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a, balbela na bin ƙafafun shanu tana cafke ƙwarin da suka tayar. Shamuwa tana zuwa da farkon damina ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, idan ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka, kuma manoma sun daɗe suna karanta zuwanta. Can ƙasa a bin kogin akwai dausayin Haɗeja da Nguru, inda dubban tsuntsayen ruwa daga Turai ke sauka suna cin rani, kuma tun shekarar 2000 wani sashe nasa ya shiga jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A duniya akwai nau'in tsuntsaye kimanin 11,000, fiye da 900 daga ciki ana samunsu a Nijeriya. Yaron da ya koyi duban baki da ƙafa da gashi a jikin talotalo ya sami ma'aunin da zai duba sauran da shi.

A nan ne maganar harshe ta shigo, kuma magana ce mai nauyi. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a inda yake. Darasin tsuntsaye yana daga waɗanda suka fi nuna hikimar hakan, domin Hausa tana da sunaye masu yawa a wannan fage: gauraka, burtu, cilakowa, carki, suda, hasbiya, dinya, yautai, tsattsewa, babba-da-jaka, alhudahuda. Masunta da mafarauta da makiyaya sun san su, sun san kukansu da lokacinsu. Yaran gari da yawa a yau ba su wuce tattabara da hankaka ba, duk sauran "tsuntsu" ne. Wanda bai san sunan abu ba, ba zai lura da ranar da ya ɓace ba. Ungulu ta isa misali: a da babu mahautar da ba a ganinta, yau ta yi wuyar gani, kuma tun 2015 aka sa irin wadda aka saba gani a garuruwanmu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Adabi da addini duk suna goyon bayan wannan darasi. Abubakar Imam ya ɗora labaran Magana Jari Ce a bakin aku tun 1937. Yaron da ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya yana jin labarin alhudahuda da Annabi Sulaimanu, da hankakan da ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda ake binne gawa, kuma Suratul Mulk da yake haddacewa tana jan hankali ga tsuntsaye suna buɗe fukafukai suna rufewa a sama. Hadisai sun hana raba uwar tsuntsu da 'ya'yanta, sun hana mai da mai rai abin koyon harbi. Yaron da ya ƙirga kwana 28 yana jiran ƙyanƙyasa zai yi tunani kafin ya ɗaga danƙo ya harbi sheƙa.

Akwai uzurori, kuma ba na banza ba ne. Na farko cunkoso: ajin da yara suka cika maƙil ba a shigo masa da talotalo a zauna lafiya. Maganinsa a fita waje, a raba yara rukuni-rukuni, tsuntsun yana cikin keji ko a hannun mai shi, a tsaya nesa kaɗan, domin namijin talotalo yakan kai wa ƙaramin yaro hari, musamman idan an tsokane shi. Na biyu cuta, kuma wannan ba abin wasa ba ne. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, Kano na cikin jihohin da ta yi wa ɓarna, ta kuma sake dawowa a 2015. Duk lokacin da hukuma ta sanar da ɓullarta, a dakatar da kawo tsuntsu makaranta. A sauran lokuta ma kada a kawo mai rashin lafiya, kada yaro ya taɓa mushe ko kashin tsuntsu, gashin da za a raba a wanke shi da sabulu a shanya a rana, kowa kuma ya wanke hannu bayan darasi. Wannan wanke hannu shi kansa rabin darasin kiwon lafiya ne. Uzuri na uku kuɗi, kuma shi ne mafi rauni, domin ba a ce makaranta ta sayi talotalo ba. Aron sa'a ɗaya daga wani gida a unguwa ya isa, kuma da wuya a sami mai kiwon da zai ƙi idan shugaban makaranta ya aika da girmamawa ta hannun mai unguwa ko kwamitin iyaye.

Abin da ya rage shi ne shirya malamai, domin malamin da bai taɓa lura da kunnen talotalo ba ba zai nuna shi ba. Wudil tana da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, a da ake kiranta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano, kuma tana da tsangayar aikin gona. Malamanta da ɗalibanta za su iya ba malaman firamare na ƙaramar hukumar horon yini ɗaya a kan tsuntsayen gida, su kuma zauna da masunta da mafarauta su tattara sunayen tsuntsayen bakin kogi da Hausa, a haɗa da hotuna a buga ɗan littafi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana da masanan da za su tantance kowane suna da nau'insa. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma yawancin maganar da ake yi a kan gini da kujeru ne, waɗanda ba a musun bukatarsu. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha za ta iya ƙara wa wannan da umarni mai sauƙi, cewa a kowane zangon karatu a yi aƙalla darasin kimiyya ɗaya a wajen aji da abu mai rai a gaban yara. Ga 'yan share fage, kallo da suna da taɓa gashi sun isa. 'Yan aji ɗaya zuwa uku su ƙirga, su kwatanta, su zana. Manya kuma a ba su littafin rubutu su riƙa sa ranar da suka fara ganin shamuwa da ranar da ruwan farko ya sauka, a ajiye littafin a makaranta don ajin da ke biye ya ɗora a kai.